Ashe agogo ne ya cinye mini aiki

Abokina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda na ƙare da fayilolin nan da suke ɓace mini. To, ashe agogo ne.

Ka san kwamfutoci uku gare ni, da 'yar na'urar ajiya da ba a kashe ta. Manhajar da ke daidaita fayiloli a tsakaninsu lokacin da aka yi wa fayil gyara take dubawa, ta ɗauki na baya-bayan nan. Ita kuwa tsohuwar kwamfutar batirin agogonta ya mutu, ɗan faifan nan CR2032, kullum aka kunna ta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Duk abin da na rubuta a kanta sai a ɗauke shi tsoho, a danne shi. Aikin dare biyu na rasa, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Na sauya batiri, amma bayan wata guda na tarar agogunan sun sake saɓawa. Dalili shi ne ɗan dutsen da ke ƙirga lokaci a ciki, mai kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Zafi da sanyi suna taɓa shi. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan kaɗai yana tara kusan sakan 2 a rana.

Maganin shi ne NTP, tsarin daidaita agogon kwamfutoci ta intanet da David Mills ya fitar da ƙa'idarsa a 1985. Dabarar ta burge ni ƙwarai. Kwamfuta ta aika wa wata kwamfutar tambayar lokaci, ta lura da lokacin fitarta da na dawowar amsa, ta cire jinkirin hanya, sannan ta san tazarar da ke tsakaninta da wadda ta tambaya. Idan tazarar kaɗan ce ba ta fizgar agogon, sai ta riƙa ƙara masa sauri ko rage masa a hankali har ya hau daidai. Lokacin ma da isnadinsa: daga agogon atam ko GPS zuwa sabar hawa na 1 (saba ita ce kwamfutar da ke ba wasu lokaci), daga nan na 2, haka har ƙasa.

Abin da na yi, na sa chrony, manhajar da ke aiki da NTP, a 'yar na'urar ajiyar, tana karɓar lokaci daga pool.ntp.org, tarin sabobin lokaci a intanet, na buɗe mata ƙofar sadarwa ta 123 da NTP ke bi, sauran ukun kuma ita suke bi. Ko intanet ya yanke, na saita ta ta ci gaba da ba su nata lokacin. A wurina wannan ya fi komai, domin ko sun kauce wa lokacin duniya da sakan ɗaya, bakinsu ɗaya ne, fayil ba zai danne ɗan'uwansa ba.

Don Allah ka duba naka tun kafin irin haka ta same ka. Faɗa mini wace na'ura ce take kwana a kunne a gidanka, in turo maka layukan saitin.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
abokinka