Barka da Sallah daga ƙauyen da ake kai wasiƙa a kwalekwale

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Yaya ya turo min hoton ragon tun yana ɗaure a gindin darbejiya, na ga ya yi kyau, Alhamdu lillahi. Inna, na san yanzu kina gaban kasko, gida duk ya ɗauki ƙamshin suya. A ajiye min nawa a cikin mai, ko da zai kai wata shida.

Mu a nan mun yi Idi a masallacin Turkawa da ke kusa da tsohon filin jirgin Tempelhof a Balin. Kamar yadda na sha faɗa muku, ranar Sallah ba ranar hutu ba ce a Jamus, kuma doka ba ta yarda mutum ya yanka dabba a gidansa yadda muke yi a gida ba. Kana sallamewa ka fito, ka tarar kowa na ta sauri zuwa aiki, babu wanda ya san wace rana ce. Bara haka muka wuni a ɗaki, jikarku tana ta tambaya ina Sallar take. Shi ya sa bana na nemi hutun kwana biyu tun da wuri, muka hau jirgin ƙasa zuwa Lübbenau, tafiyar sa'a guda, daga can muka ƙarasa wani ƙauye da ake kira Lehde. A nan nake rubuto muku wannan wasiƙa, a kan wani tebur da ya girmi Kaka.

Baba, kai na fara tunawa da muka iso. Yankin sunansa Spreewald, fadama ce babba inda kogin Spree ya rarrabu ya zama ɗaruruwan ƙoramu cikin daji. Ƙauyen kansa gungu-gungu ne, kusan kowane gida da nasa tsibirin, kowace ƙofa da jirginta a ɗaure. Sai a 1929 aka yi hanyar ƙasa da ta haɗa su da gari, kuma har yau akwai gidajen da mota ba ta zuwa. Da idona na ga ma'aikaciyar gidan waya a tsaye cikin kwalekwale ruwan ɗorawa, tana tura shi da gora, tana tsayawa gida-gida tana saka wasiƙu a akwatunan da aka kafa a bakin ruwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba haka ake yi kowace shekara. Shara ma a jirgi ake kwashe ta.

Masaukin da muka sauka tsohon gidan baƙi ne irin na ƙauye, ƙasa wurin cin abinci, sama ɗakunan kwana ƙalilan. Da gungumen itace aka gina shi, an jera wani kan wani, an sarƙe su a kusurwa kamar yatsun hannu biyu. Itacen ya yi baƙi ƙirin saboda shekaru, in ka shafa sai ka ji sawun gatarin wanda ya sassaƙe shi. Ƙofa gajera ce, sai ka sunkuya kamar mai shiga zauren gidanmu. Daɓen katako na kuka duk inda ka taka. A lungun ɗakin cin abinci akwai wani katafaren murhun ɗumama ɗaki da aka lulluɓe da tubalin yumɓu mai sheƙi, da benci kewaye da shi inda tsofaffi ke jingina bayansu da hunturu. Amma kada ku ɗauka wahala muke sha: akwai lantarki, akwai ruwan zafi, shimfiɗa fes, bargo cike da gashin tsuntsu. Sun shigo da jin daɗin zamani, ba su taɓa fuskar gidan ba.

Dattijuwar da ke riƙe da wurin ta ce min ko taga ba za ta canja ba sai da izinin hukumar kula da gine-ginen tarihi, domin ƙauyen gaba ɗayansa yana ƙarƙashin kariya. Na tambaye ta ko abin bai dame ta ba. Ta ce yana cin kuɗi, gyara ba ya ƙarewa, amma da ta rushe ta gina na siminti, wa zai baro Balin ya zo ya kwana a wurinta? Sannan ta ɗora hannu a kan wani ginshiƙi ta ce a nan kakanta yake auna tsayin 'ya'yansa. Na duba, ga tsagin wuƙa nan a jere.

Da ta ji ba ma cin alade ba ma shan giya, ba ta ɓata rai ba ko kaɗan. Ta kawo mana abincin talakan yankin: dankalin Turawa dafaffe da ɓawonsa, da wani kindirmo mai kauri kamar an tsane shi a ƙyalle, an zuba masa wani mai rawaya mai ɗan ɗaci da suke matsewa daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa da zarensa. Sai kifi soyayye, da kokwambarsu da ake jiƙawa cikin ruwan gishiri da ganye har ta yi tsami, wadda duk Jamus an san su da ita. Surukarku ta fito da ɗan dambun naman da ta yi, ta miƙa wa matar, ta gaya mata yau Sallarmu ce. Ta ɗanɗana, yaji ya kama ta, ta sha ruwa, ta kuma ƙara ɗiba. Wannan ne rabon naman da muka samu yi bana, kuma wallahi ya sanyaya min rai.

Da la'asar muka shiga jirgi. Gindinsa a shimfiɗe yake saboda ruwan ba zurfi, ba inji, matuƙin na tsaye a baya da gora mai tsawon mita 4 da ƙarfe a bakinta. Yadda yake kafa ta ya jingina nauyinsa, ya bar ta ta sulale cikin hannunsa, Baba, sak hannunka ne. A gaban wasu gidajen na ga akwatunan katako masu ramuka rataye a bakin ruwa, ana nitsar da su da kifi a ciki don ya zauna da rai har ranar da za a ci. A ƙolin jinkar gidaje kuwa akwai katako biyu a giciye masu kan maciji da kambi, alama ce daga al'adar Sorbawa, mutanen asalin yankin, masu harshensu daban da Jamusanci. Har yau allunan hanya da harshe biyu ake rubuta su. Akwai kuma gidan tarihi a fili da aka buɗe a 1957, inda aka tattaro tsofaffin gidajen manoma. A ɗaya daga ciki mun ga gado guda da iyali duka ke kwana a kai, da na yara da ake jawowa daga ƙarƙashi. Sauro kam akwai shi, har ya so ya kai na Yawuri, sai dai ba ya sa zazzaɓin maleriya.

Rana ba ta faɗi ba sai kusan tara da rabi. Na yi magariba a bakin ruwa, kwaɗi na ta kuka, sai labarin Kaka ya dawo min: yadda suka tashi daga gungu lokacin da aka tare ruwa a Kainji a 1968, suka bar gidaje da kushewun iyaye ruwa ya rufe. Jikarku ta tambaye ni ko mu ma muna da tsohon gida irin wannan. Na buɗe baki, na rasa abin da zan nuna mata.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da nake da shi. Yaya ya ce min ana shawarar a farfasa tsohon jirgin Kaka da ke kife a bayan gida a yi makamashi, tunda an sayi mai inji, a kuma rushe ɗakinsa a ja shago. Baba, ba ina ja da shawararka ba ne, kai ne gaba, kuma na san shago zai taimaki gida. Amma jirgin nan shi ya ɗauko su daga gungu, shi kaɗai ya rage daga can. Ina roƙo a dakata. A ɗaga shi daga ƙasa a ɗora kan duwatsu saboda gara, a yi masa rumfa kafin damina ta yi ƙarfi. Ɗakin kuma a yi masa yaɓe, shagon a ja shi ta gefen titi. Kuɗin duka a kaina, zan turo wa Yaya ƙarshen wata in Allah ya yarda. In mun zo, ina so in sa yarinyar nan ta zauna a cikinsa, kai kuma ka riƙa mata gora ka nuna mata yadda ake kafawa.

Inna, a gaishe min da Gwaggo, a ce mata ban manta da maganin ƙafarta ba. A gaida Kawu da iyalinsa, da Liman, da duk maƙwabta. Auta, goron Sallarki na wurin Yaya, kada ki bari ya ce ya manta. Surukarku na durƙusawa tana gaishe ku, jikarku ta yi barci da lallenta a hannu.

Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku da ke Jamus.