Abin da Amurka ta kasa gani daga Agadas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni fatake ne, shekara 22 ina safarar albasa da wake tsakanin Sakkwato, Illela da Ƙonni. Ban yi boko mai zurfi ba, amma rediyo ba ta barin kunnena, kuma abin da manyan ƙasashe suka ƙulla yakan iske mu har bakin iyaka.

Ina son in yi magana ne kan Amurka. A Agadas ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi, sojanta wajen 1,000 suka zauna a Nijar. Duk da wannan ido da ta kafa a sama, ba ta hango juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba. A Maris ɗin 2024 ta tura tawaga Yamai, sojojin Janar Tiani da suka yi juyin mulkin suka fito suka ce an yi masu magana da raini, suka soke yarjejeniyar zaman sojan Amurka a ƙasar. Wata bai cika ba sojan Rasha suka sauka. Kafin Satumba ya ƙare Amurka ta kwashe nata ya nata.

Ban yi murna ba, Allah ya sani. Ban ga alherin da Rasha ta kai Mali ba da zan yi mata guɗa. Amma tun a 2011 na tsorata, ranar da Amurka da ƙawayenta na NATO suka taimaka aka kayar da Gaddafi, suka juya baya suka bar rumbunan makamai a buɗe. Bindigogin nan suka gangaro Mali a 2012, suka bazu cikin Sahel. Yau ga 'yan bindigar Lakurawa a Tangaza da Gudu suna karɓar shanun talakawa da sunan zakka. Wani abokin cinikina daga can ya sayar da garkensa a wulaƙance ya dawo cikin gari da iyalinsa, yana zaune a ɗakin aro.

A ganina ciwon Amurka shi ne tana da ƙarfin rusawa cikin mako guda, ba ta da haƙurin zama a gyara. Shekara 20 ta yi a Afganistan, ta fita a Agustan 2021, Taliban suka koma Kabul tun jiragenta ba su gama tashi ba.

Ina roƙon jaridarku ta turo wakili kasuwar Illela ranar Lahadi, ya zauna da masu shigowa daga ƙauyukan iyaka ya ji daga bakinsu.

Naka,
Wani fatake daga Sakkwato