Rahoton Ayyukanmu na Bana: Shekarar De Dion-Bouton

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu tara ƙananan motocin tarihi.

A taron rufe shekarar bara mun yanke shawarar barin tsalle-tsalle, mu kama kamfani ɗaya da ya mutu mu bi tarihinsa daga haihuwa har kabari. Ƙuri'a ta faɗa kan De Dion-Bouton na Faransa. Alhamdu lillahi, zaman wata-wata bai yanke ba, in ban da na azumi da muka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne, kamfanin daga irin kayanmu ya samo tushe. A 1881 wani ɗan sarauta, Jules-Albert de Dion, ya hangi ƙaramin injin tururi na wasan yara a tagar wani kanti a Paris, ya nemi waɗanda suka ƙera shi: Georges Bouton da surukinsa Charles Trépardoux. A 1883 suka kafa kamfani. Duk wanda uwargida ta sake ce masa ya girma da wasan mota, to ga amsa ya samu.

Zaman da ya fi zafi shi ne na tseren Paris zuwa Rouen na 1894. De Dion ne ya fara isa da motarsa mai tururi, amma aka hana shi kyautar farko saboda sai da mai hura wuta take tafiya; aka raba ta tsakanin Panhard et Levassor da Peugeot. Har aka kira magariba muna musu, wasu na cewa zalunci ne. Ni dai ina bayan alƙalan, don motar da sai ka ɗauko mata ɗan wuta ba ta talaka ba ce. De Dion kansa ya koma fetur, Trépardoux ya yi fushi ya fice. Zuwa 1900 babu kamfanin da ya kai su ƙera mota a duniya, motoci kusan 400 da injuna 3,200 a shekarar. Motar farko ta Louis Renault ma injinsu ne a cikinta. A 1932 suka daina motocin hawa.

Ɓangaren tarin kaya kuwa, babban kamun bana ɗaya daga cikinmu ya yi shi a kayan gwanjo: ƙaramin kwaikwayon motar Spyker ta 1904, ƙirar Lesney, kamfanin motocin wasa na Ingila, cikin jerin Models of Yesteryear da aka fara a 1956. Ta zo gatarin gaba a lanƙwashe, fenti ya ɓaɓɓare a gefen ƙafafu. An miƙe gatarin da filaya a hankali, fenti kuma kwamiti ya ce kada a taɓa, sabon fenti kashe darajarta zai yi. Spyker ta Holan ta rufe tun shekarun 1920, Lesney da ta kwaikwaye ta ita ma ta karye a 1982, bayan masana'antar motocin wasa ta Dinky da ke Liverpool ta rufe a 1979.

Lokacin hutu mun zauna da yaran unguwa masu ƙera motar langa-langa, muka nuna musu hoton Vis-à-vis, wata motar De Dion-Bouton, wadda fasinja ke zama suna fuskantar direba. Dariya suka yi, wani ya ce yaya direba zai ga hanya? Amma kafin la'asar sun fitar da ita da gwangwanin madara da tsohon silifa a matsayin taya, har da sandar tuƙi a tsakiya.

Inda muka gaza: akwatin gilashin da aka yi alkawari bai samu ba, ƙurar hunturu ta shige wa motoci har cikin kujeru, zafin bazara kuma ya tsattsage tayoyin wasu. Dalili ba ɓoyayye ba ne, kuɗin wata ba ya shigowa. Ma'aji zai karanta lissafi a taro mai zuwa, inda kuma za a zaɓi kamfanin baɗi. An riga an kawo sunan Stanley ta Amurka, mai tururi, wadda ta rufe a 1924.

Wassalam,
Sakatare