Wasiƙa kan jera fayilolin folda a Python

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma duba ɗan shirin da ka rubuta da yaren kwamfuta na Python don tattara hotunan rasit na shagonku, wanda ya ƙi buɗe su. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin mai gyara.

Ita os.listdir, wadda ka sa ta jero maka fayilolin folda, sunaye kawai take ba ka, ba ta haɗa da hanyar da za a bi a kai gare su. Ka ce ta duba folda "rasit", ta dawo maka da "1.jpg", kai kuma ka miƙa wa open, mai buɗe fayil, sunan haka nan. To open a foldar da shirin yake aiki take nema, ba cikin "rasit" ba, shi ya sa take ta jefo maka FileNotFoundError, wato ba ta ga fayil ɗin ba. Kamar ka ba ɗan aike sunan mutum ne ba ka faɗa masa unguwa ba. Ko dai ka haɗa sunan foldar da na fayil ɗin ta amfani da os.path.join, ko ka koma pathlib mai kula da hanyoyin fayiloli, wadda ta shigo a Python 3.4 a 2014. Da Path("rasit").iterdir() kowane fayil zai zo maka da hanyarsa. Ni ita nake ba ka shawara, domin ta raba ka da rigimar alamomin raba hanya, / da \, tsakanin Linux da Windows.

Akwai abin da bai kama ka ba tukuna, amma yana tafe. Python ba ta yi alkawarin jero sunayen a kan wani tsari ba. Yau ka ga sun fito daidai, gobe a wata kwamfutar su fito a hargitse. Dole ka sa sorted ta jera su bi da bi. Ita ma sorted harafi-harafi take dubawa, don haka "10.jpg" zai riga "2.jpg", rasit na goma ya shiga gaban na biyu. Tunda lissafin kuɗi ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka ba ta key, wato ma'aunin jerawa, da zai mai da p.stem (sunan kowane fayil p ba tare da .jpg ba) lamba ta amfani da int, ko ka riƙa sa wa fayilolin suna 002, 010.

Kafin nan ka tace. Windows kan ajiye Thumbs.db, Mac kuma .DS_Store, su ma za su fito a jerin, int kuwa ta ci karo da su shirin ya tsaya. Ka duba p.suffix.lower(), wato ƙarshen sunan kamar .jpg a ƙananan baƙaƙe, saboda wasu kyamarori .JPG suke rubutawa da manyan baƙaƙe.

Idan rasit ɗin sun kai dubbai, os.scandir da ta zo a 3.5 a 2015 ta fi sauri wajen bambance fayil da folda. In kuma ka raba su wata-wata, rglob ta pathlib za ta shiga kowace folda.

Ka gyara ka turo mini in sake gani. A gaida su Hajiya da yara.

Naka,
Abokinka