Rahoton ayyukan ƙungiya na 2023, ɓangaren kula da tsofaffin unguwa

Assalamu alaikum. Iyaye, yayye da ƙanne membobi, ga abin da mukai a 2023 kaman yadda aka ɗora wa sakatare. Lissafin kuɗi ba ya ciki, ma'aji zai karanto nasa a taro da rasit ɗinsa, don Allah kar a dinga kirana a kai.

Shekarar da canjin kuɗi ta buɗe mana. Kun tuna Fabrairu, tsofaffin ɗari biyar da dubu ɗaya an ce sun daina aiki, sababbin kuma ko a ido babu, su kuwa iyayen nan namu yawancinsu ba asusun banki ba BVN, kuɗinsu na ƙulle a bakin zani ko cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Wata Inna mai sai da daddawa ta zazzage mana nata a kan tabarma, ta ce na likkafaninta ne take tarawa kar ta bar wa kowa nauyi, wallahi ranar ba wanda ya iya ɗaga kai. Matasanmu suka dinga karɓa a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta, a je a bi layin banki tun asuba. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsohon kuɗin ya ci gaba da aiki sannan muka ɗan sarara.

Babban abin shekarar dai a azumi ya fito. Muna rabon gero da suga muka shiga wajen wani Baba da ke zama kusa da masallacin Juma'a, muka tarar ƙungiyar matan unguwa ta riga mu, kwamitin zakka na masallaci ma ya kai, ga wani ɗan kasuwa ya aiko, kaya jibge a soro har yana ba almajirai. A lungun baya kuma akwai Iya da ba ta fita tun da ƙafa ta ƙi, ba ɗa ba jika a kusa, kuma irin mutanen nan ne da gara su kwana da yunwa da su buɗe baki, ba wanda ya kai mata ko cokali. Kowa na aikin lada amma duk ƙofa ɗaya muke bugawa, wadda ke bakin titi.

Shi ya sa bayan ƙaramar salla muka nemi zama da liman, mai unguwa, shugabar mata, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, aka yarda a yi littafi ɗaya na kowa da kowa. Sunan tsoho, lungunsa, wa ke kwana da shi, wane ciwo ke damunsa, wa ya kai masa me kuma yaushe. Ba a sha da daɗi ba fa. Akwai waɗanda suka ga kaman so muke mu karɓe musu rabonsu, sai da liman ya sa baki aka fahimci kowa zai ci gaba da raba nasa da hannunsa, littafin kawai zai duba kafin ya fita. Matan su suka yi aikin gaske don su ke shiga cikin gida, mu maza iyakarmu zaure.

Maganar shekaru ma ta ba mu dariya. Mun tsaya a kan 60 kaman yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙirgawa, to amma wa ke da takardar haihuwa? Sai mu tambaya, lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 kin yi wayo? Da aka koma naira daga fam a 1973 an miki aure? A haka muke kintata.

Daga 29 ga Mayu da aka cire tallafin mai komai ya rikice, litar da ake saye ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar, kuɗin adaidaita zuwa asibiti ya gagari masu hawan jini da ciwon suga, wasu suka koma shan magani rana ɗaya su tsallake rana ɗaya don ya kai wata. Mun sai na'urar awon jini, ma'aikaciyar asibitin ta koya wa yaranmu mata, duk Asabar suna zagayawa, wanda nasa ya hau su kira ta. Direbobin adaidaita na cikinmu sun ɗau nauyin kai marasa lafiya kyauta a ranar ganin likita, Allah ya saka musu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa, mun fara bin rajistar, amma lambar NIN ta tsayar da mu a kan da yawa, yatsun da suka shekara da fartanya ko wankau sun shafe, na'ura ba ta ɗauka, sai an yi ta komawa. Masu yanar ido mun kai wasu aiki kyauta da aka yi a gari, wani Malam da ya fi shekara bai buɗe Alƙur'aninsa ba yanzu yana karatunsa da asuba.

Ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, ba mu yi taro ba. An kawo shawarar rumfa da kujeru da lasifika, ni na ƙi kuma har yanzu ban yi nadama ba, barguna muka saya da kuɗin kafin hunturu.

Inda muka gaza, akwai masu ruɗewar tsufa da ke fita su ɓace ko su dinga zagin 'ya'yansu, mutane na cewa maita ko aljanu, mu ma ba mu san yadda za mu tallafa wa matan da ke jinyarsu ba. Kuma kuɗin wata da yawanku ba ku biya ba tun Agusta. Cikin waɗanda ke littafin akwai waɗanda Allah ya karɓa a bana, har da Iyar lungun baya, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta.

Taro ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Shugabannin lunguna kowa ya zo da sunayen da aka tsallake.

Sakatare