A gyara ƙa'idar ƙirga kalmomi a rahoton gwajin muryar kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan ƙa'idojin tsara rahoto da iyakar kalmomin da ake gindaya wa ɗaliban jami'a masu aikin gwaji a fannin koya wa kwamfuta karanta rubutu da murya. Na daɗe ina duba irin waɗannan rahotanni, kuma ƙorafin ɗalibai bai taɓa sauyawa ba: sun kwashe makonni suna naɗar murya, suna yanka sauti, suna roƙon abokai su zo su saurara, sannan a ce su dunƙule komai cikin kalma 3,000 ko abin da ya yi kama da haka.

Ni dai ina goyon bayan iyakar. Hatta a taron Interspeech, inda manyan masana fasahar magana na duniya suke gabatar da bincikensu, shafi huɗu ake ba mutum, sai na biyar domin manazarta. Ɗalibin da aka sakar wa mara yakan cika rabin rahotonsa da tarihi, ya faro daga manhajar Festival mai karanta rubutu da murya, wadda aka gina a Jami'ar Edinburgh a shekarun 1990, ya gangaro har zuwa WaveNet, fasahar ƙirƙirar murya da kamfanin DeepMind ya fitar a 2016, alhali malami ba wannan yake nema ba. Abin da yake nema shi ne jimla nawa aka naɗa, me ya sa aka zaɓe su, a ina muryar take yin tuntuɓe idan na'ura ta ɗinka guntayen sauti, mutum nawa suka saurara, kuma da suka ba da maki daga 1 zuwa 5, me makin yake nufi. Iyakar kalmomi ce take tilasta wa ɗalibi ya bar kame-kame ya amsa waɗannan tambayoyi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, an ɗauko ƙa'idar ne daga wuraren da harshen gwajin da harshen rahoton duk Ingilishi ne, aka ɗora ta a kan ɗalibin da yake gwaji da Hausa yana rubuta rahoto da Turanci. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, kuma nan ne kwamfuta ta fi shan wahala. Wata ɗaliba ta taɓa gwada muryar da ta haɗa da wannan jimla: "Da kuka ji kuka a gindin kuka, me kuka yi?" Bahaushe ba ya ko tsayawa tunani, domin ya san na farko da na ƙarshe wasulansu gajeru ne, kukan hawaye sautinsa sama-sama ne, na bishiya kuma yana farawa sama ya sauko ƙasa. Na'urar kuwa ta furta duka huɗun iri ɗaya, har waɗanda suke ɗakin suka fashe da dariya. Wannan shi ne mafi muhimmancin abin da ta gano a aikinta. Amma kafin ta nuna shi ga mai dubawa, dole ta rubuta misalin a layi uku: jimlar da alamomin sauti, fassarar kalma da kalma a ƙasanta, sannan ma'anar gaba ɗaya. Manhajar ƙirga kalmomi ba ruwanta, ta ƙirga duka ukun. Da ɗalibar ta ga ta haura iyaka, sai ta goge yawancin misalanta ta bar bayani tsurarsa, rahoton ya koma da'awa ba hujja. Takwaranta da ya yi gwaji da Ingilishi layi ɗaya ya ishe shi kowane misali.

Saboda haka ina kira ga sassan da suke koyar da wannan fanni su rubuta ƙarara cewa misalan harshe, da jadawalin sakamako, da manazarta ba sa shiga ƙirga. Na san dabarar ɗalibai, domin ni ma na yi ɗalibta: da zarar an ce jadawali ba ya cikin lissafi, za ka ga sakin layi guda an yi masa shinge an kira shi jadawali. Maganin wannan ba wuya, a ƙayyade yawan misalan, a kuma ce bayanin da ke ƙasan kowane hoto ko jadawali kada ya wuce jimla biyu.

Sai batun salon haruffa. Ana wajabta wa kowa salo ɗaya da girma ɗaya domin a yi adalci, kuma hakan daidai ne, sai dai ba kowane salo ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, balle a ce an ɗora alamar sauti a kan wasali mai tsawo. Na sha karɓar rahoton da haruffan nan suka rikiɗe suka zama ƙananan akwatuna, wani kuma ya gaji ya cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, har "ƙafa" ta koma "kafa" a cikin rahoton da aka rubuta a kan furuci. Akwai salon haruffa na kyauta irin su Charis SIL da aka ƙera musamman domin wannan aiki. A halatta su, a kuma buƙaci a miƙa rahoto a matsayin PDF domin abin da ɗalibi ya gani a allonsa ya zama shi ne abin da malami zai gani.

Abu na ƙarshe, zanen sautin da ake cirowa daga Praat, manhajar nazarin sautin magana, yana da amfani matuƙar an rubuta ma'aunin lokaci da na kaifin sauti a gefensa, amma ba ya maye gurbin kunne. A sa a cikin ƙa'ida cewa kowane misali da aka ambata a rahoto ya zo da fayil ɗin sautinsa mai lamba iri ɗaya, yadda mai dubawa zai karanta misali na 4, ya danna fayil na 4, ya ji da kunnensa ko na'urar ta ce "wuya" na jiki ne ko "wuya" ta wahala.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kimiyyar harshe