Rahoton Kwamitin Gyaran Na'urar Sauti ta Masallacin Unguwa

Assalamu alaikum. Kwamitin da jama'a suka ɗora wa gyaran lasifikar masallaci ya kammala aikinsa, ga bayanin abin da muka tarar da abin da aka yi.

Matsalar ba baƙuwa ba ce ga kowa. Tun azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta kai lasifika, take ɗaukewa ana tsaka da tafsiri ko huɗuba. Da asuba lafiya ƙalau take. Sai ranar Juma'a, an cika har titi, ladan ya murɗa sauti don na waje su ji, can sai ka ji tsit, bayan 'yan mintoci ta dawo da kanta. Abin da ya fi damun mu shi ne sahun waje su rasa kabbarar liman, wasu na ruku'u wasu na tsaye.

Da yawa sun ce a jefar da ita a sayo sabuwa a Sabon Gari. Muka ce a dakata har mai gyara ya buɗe ta, da ya buɗe kuwa bai tarar da abin da ya ƙone ba. A jikin ƙarfen da ke kwashe zafin transistoci, wato ƙananan sassan cikinta da ke ƙara ƙarfin sauti, akwai 'yar na'ura mai yanke sauti idan zafi ya wuce kima, ita ce ke aikinta. Amfilifaya irin tamu, wadda ake kira ajin AB, ko a lissafin takarda kusan kashi 78 cikin ɗari na wutar da ta sha kaɗai take iya miƙa wa lasifika, a aikace ma ba ta kusantar haka. Ragowar duk zafi ne da sai ya sami hanyar fita. Tamu kuwa a kulle take cikin kabad na katako saboda ɓarayi, an jibga darduma a kai, ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, fankar ciki ta daina juyawa.

Babban abin dai a waya yake. A bayan na'urar an rubuta kada a ɗora mata abin da ya yi ƙasa da om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta), kuma kowace lasifika tamu om 8 ce. Biyu a kan bakin waya ɗaya sun zama om 4, iyakarta ke nan. Amma duk bawan Allahn da ya kawo lasifika sadaka sai a liƙa ta a wayar da ke kusa, har suka zama huɗu, aka sauka om 2, alhali iya raguwar om iya ƙaruwar wutar da ake ja. Ninkin wutar da aka ƙera ta don ɗauka take turawa, kamar jakin da aka yi wa lodi biyu a tsakar rana.

An kawo shawarar a cire abin yankewar a huta. Kwamiti ya ƙi baki ɗaya. Cire shi na nufin transistoci su ƙone, ga katako ga darduma, kuma ba za mu sa masallaci a bakin gobara don gudun kashe kuɗi ba.

Magini ya fitar da ɗan ɗakin bulo a gefen da rana ba ta duka da la'asar, da tagogin raga biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, tunda iska mai zafi sama take yi. Mai walda ya ƙera kanta ta ƙarfe da ƙofar raga mai kwaɗo. An hure ƙurar amfilifaya, an sake mata fanka da farin man da ake shafawa tsakanin transistoci da ƙarfen, an bar mata lasifikan ciki biyu kawai. Na hasumiya da haraba an mayar da su layin volt 100, kowace da ƙaramar taransifomarta, aka sayo musu amfilifaya tasu. Wannan tsari ne ya dace da doguwar waya. An yi Juma'o'i da su cikin rana tsaka ba ɗaukewa.

Mun sa jan fenti a maɓallin sauti. Malam Ladan, don Allah kada a wuce wurin: daga nan murya ke fara tsagewa, lasifika ta ƙone, kuma maƙwabta akwai marasa lafiya da jarirai. Mai son kawo lasifika sadaka ya fara ganin kwamiti. Sitabilaiza ce ba mu samu saya ba, kuɗin bai kai ba. Lissafin shiga da fita da rasidai suna manne a allon sanarwa kusa da wurin alwala.